Zarton Wendell da Bindigar Mama Opal

A garinmu Tuckers Gap, nan cikin duwatsun Kentucky, babu abin ƙarfen da Wendell Tackett bai iya gyarawa ba, in dai a baki ne. Wata uku ya taɓa yi a wani garejin gyaran salansar mota, shekara ashirin da suka wuce, kafin mai garejin ya roƙe shi ya je gida ya huta. Tun daga ranar ya zama injiniya. Shi ya gyara injin yankan ciyawar coci, har yau da baya yake tafiya. Shi ya gyara ƙararrawar ƙofar gida, yanzu in baƙo ya danna sai fitilar bayi ta kama. In aka yi masa magana sai ya ɗaga hanci ya ce, "Ku ai ba ku san sirrin ƙarfe ba."

Gida ɗaya yake zaune da matarsa Arlene da surukarsa Mama Opal, gidan kuwa na surukar ne. Shekarar Mama Opal saba'in da takwas, 'yar firit kamar a hure ta ta faɗi, amma in ta ɗora bindiga a kafaɗa, kuregen da ke kan reshe sai ya fara sallama da 'yan'uwansa. Bindigar ta marigayi mijinta ce, irin mai ƙananan harsasan nan da ke ɗura wa kanta, kai dai naka jan kunama. Da ita ta cinye gasar harbin da 'yan kwana-kwana ke shiryawa duk kaka, shekara goma sha ɗaya a jere, kowace shekara ita ke dawowa gida da ƙaton talotalon da ake ba na ɗaya. Asabar mai zuwa ce ta goma sha biyu.

Ranar Talata suna karyawa sai tsohuwa ta murza kafaɗa ta ce, "Tsufa bai yi ba. Bindigar nan ta fara rinjayata ta gaba."

Wendell ya ajiye cokali. "Mama, ai tsawo ne ya yi mata yawa. Ki ba ni ita yini ɗaya kawai."

"Ci ƙwanka," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba.

Washegari Arlene ta ɗauki uwarta a mota za ta kai ta Lexington a duba mata ido, su kwana uku gidan ƙanwar tsohuwar, ranar Asabar su zarce filin gasa kai tsaye. Da za su tashi Arlene ta leƙo ta taga.

"Wendell, bindigar na cikin jakarta. Ka kawo ta filin da ƙarfe goma. Ɗauka na ce, ban ce buɗewa ba."

"Haba, sai ka ce yaro."

"Da yaro ne da hankalina ya kwanta."

Ƙurar motarsu ba ta gama lafawa ba Wendell yana shagon kofi na bakin gada, ya jingina da teburin mai shago, yana wa jama'a lacca. Akwai Doyle, maƙwabcinsa, tsohon mai raba wasiƙu wanda ritaya ta bar shi ba shi da aikin da ya wuce sa ido. Akwai kuma Nadine mai walda, wadda duk shekara ita ke zuwa ta biyu a bayan Mama Opal.

"Harsashi matafiyi ne," in ji Wendell. "In hanya ta yi masa tsawo, kafin ya fito daga bututu ya gaji. Ka rage masa inci uku, zai fito da ƙarfinsa kamar an biyo shi."

Doyle ya kurɓi kofi. "To ka cire bututun ɗungurungum mana, ka riƙa jifa da hannu."

"Kai abin da ka sani ya wuce lasar kan sarki?"

Nadine ta ce, "Mama Opal ta san za ka taɓa mata bindiga?"

"Ba-zata zan yi mata."

"Ba-zata kam za a yi," in ji Nadine. "Wa za a yi wa, shi ne ban sani ba."

Da azahar ya wangale ƙofar garejin gida. Doyle ya tsallako da kujerarsa ta naɗewa da gyaɗa a leda. Kafin a jima mutum shida sun jeru a bakin ƙofa, har da matar fasto da ta ce wucewa kawai take yi. Wendell ya matse bindigar a teburin aiki, ya naɗe hannun riga, ya ɗauko zarto. Bai auna komai ba. Ya ce idonsa ya fi tef.

Ya yi ta gurza, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har guntun ya faɗi ƙasa, ƙwal. Ya ɗaga bindigar sama kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Doyle ya karkata kai. "Ni ne na karkace ko bakinta ne?"

Bakin ya fito a jirge, kamar an yanka rake da wuƙa.

"Wannan yankan farko ne," in ji Wendell. "Gwanaye sau biyu suke yi."

Ya sake yanka. Wannan karon ta ɗaya gefen ya karkace. Ya sake. Haƙoran zarton suka zube, ya aika aka aro na fasto. A yanka na huɗu zarton ya zame ya ɗebi fatar babban yatsansa, ya yi tsalle ya faɗi wata kalma da ta sa matar fasto tuna cewa ta bar wake a kan wuta. A na biyar baki ya ɗan yi kama da baki. Guntaye biyar na zube a ƙasa kamar an yanka kokwamba.

"Maigida," in ji Doyle, "ina ɗan ƙarfen saitin da ke kan hancinta?"

Wendell ya duba hancin bindiga. Ya duba ƙasa. Ga shi can a jikin guntun farko.

"Mama ba ta buƙatar saiti. Da zuciya take harbi."

Doyle ya miƙe, ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa, ya zaro tef daga aljihu. Ya auna, ya sake aunawa, sannan ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar a wajen jana'iza.

"Inci goma sha huɗu."

"To? Daga ashirin da biyu. Ka ga an samu sauƙi."

"Doka ta ce in bututu ya gaza inci sha shida ba tare da takardar gwamnatin tarayya ba, laifi ne babba. Har shekara goma ana yi."

"Shekara goma ana yin me?"

"Ana cin wake a gidan yari. Kar ka damu, zan riƙa rubuto maka wasiƙa. Na iya lasar kan sarki."

Wendell ya ajiye zarto. 'Yan kallo suka fara naɗe kujeru, kowa ya tuna da aikin da ya bari, don ba wanda ke son a kira shi shaida. Amma bakin Wendell bai san an yi ba.

"Wanda ya iya ragewa ai ya iya ƙarawa!" ya ɗaga murya a bayansu. "Ku dawo gobe ku ga aiki!"

Ranar Alhamis ya fara da gam. Ya jera guntayen ya liƙa, sai ya tarar huɗu ne, ɗaya ya gangara ya faɗa magudanar ruwa. Ya kwanta rub da ciki yana laluben ramin da waya har awa guda, bai fito da komai ba sai mataccen kwaɗo. Huɗun da ya liƙa kuwa suka tsaya kamar wuyan raƙumi, da ya yi atishawa suka watse. Gam ɗin a yatsunsa kaɗai ya kama da gaske, sai da Doyle ya raba masa su da man fetur.

Daga nan ya nufi shagon Nadine, ya tsaya yana kewaye-kewaye.

"Wani abokina ne ke son aron injin walda."

Nadine ta ɗage gilashin fuska. "Abokin naka surukarsa za ta dawo ranar Asabar?"

"Ke dai ki ba ni."

"Saurara, Wendell. Ka kawo ta in cire mata bututun nan a jefar, a yi odar sabo. Sati biyu ya iso. Ka kira tsohuwa ka faɗa mata gaskiya tun tana nesa, kafin ta iso ta huce rabi."

"Ni in kawo wa mace gyaran bindiga? Ni Wendell?"

"To ɗauki injin. In ka ƙona gidan ka ce ban sani ba."

Bai ƙona gidan ba, labule ɗaya ne da rabin girarsa ta hagu. Bututun da ya samo na tsohon famfon bayan gida ne. Ya yanko tsawon taƙi, ya kafa a bakin bindiga, ya yi ta zuba wuta har waldar ta taru ƙulu-ƙulu kamar gidan zanzaro. Tartsatsi ya ci katakon da marigayi ya shekara arba'in yana shafa wa mai, ya bar baƙin tabo kamar tafin hannu. Wendell ya bi duka da baƙin fenti, har katakon. A madadin saiti ya liƙa kan ƙusa.

Doyle ya auna. "Sha tara."

"Ka gani? Har da gyara na ba gwamnati."

"Me ya sa take kallon ƙasa kamar an yi mata faɗa?"

"Ladabi ne."

Ranar Juma'a aka fita gwaji a filin da ke bayan gidansu, jama'a sun dawo har sun ƙaru. Wendell ya ɗora gwangwani a kan kututture. Da aka zo ɗaukar bindiga sai ya tuna cewa manyan injiniyoyi ba sa gwaji da kafaɗarsu. Ya ɗaure ta a jikin kujera, ya sa wa kunamar doguwar igiya, ya ce kowa ya koma bayan rumbun Doyle. Shi kuma ya laɓe a bayan a-kori-kurarsa da ke ajiye can gefe, ya toshe kunne ɗaya, ya fizgi igiya.

Tau!

Gwangwani na nan zaune lafiya lau. Sai aka ji wani dogon tsaki, fiiii, motar Wendell ta durƙusa a kan tayarta ta gaba.

Doyle ya leƙo daga bayan rumbu. "Ta harbi motarka."

"Na gani."

"Motar tana gefe fa. Ba gabanta take ba."

Wendell ya miƙe, ya share ƙasa daga gwiwa. "To ku faɗa mini, duk Kentucky wa ke da bindigar da ke shan kwana? Kurege ya ɓuya a bayan itace ma bai tsira ba!"

"Mu da ke bayanka ma ba mu tsira ba," in ji wani, aka watse da dariya.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Wendell kuwa da yamma ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe: TACKETT, LIKITAN BINDIGOGI. Lissafinsa shi ne, tsohuwa an taɓa mata ido, ba lallai ta lura ba. In ta ci, sunansa ya fito. In ta faɗi, laifin likitan ido ne.

Asabar ta yi, filin 'yan kwana-kwana ya cika maƙil. Ana soya kaji, ana sayar da waina mai tuffa, an jera allunan da za a harba a gindin tudu. Clovis Amburgey, shugaban 'yan sandan gunduma, shi ke duba bindigar kowa a kan tebur kafin a shiga layi, kamar kowace shekara. Wendell ya iso a motar Doyle, jaka a hannu ɗaya, kwali a ɗaya. Ganin mai sanarwa ya je shan ruwa, sai ya fizgi lasifika.

"Jama'a! Yau za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba! Bindigar Mama Opal ta sha gyara, kuma ni Wendell Tackett, da hannuna, ni kaɗai, ba wanda ya taya ni ko da riƙon zarto!"

"Mun shaida!" in ji Doyle da ƙarfi. "A rubuta!"

Daidai nan motar Arlene ta tsaya. Mama Opal ta fito da sabon tabarau, ta dubi sama, ta dubi tudu, ta ce da 'yarta, "Likitan nan ya iya aiki. Ina ganin ƙudan da ke kan allon can." Wendell ya ji, murmushinsa ya rage tsawo.

"Me ya sami girarka?" ta tambaye shi.

"Sabon yayi ne, Mama."

"Ba ni jakata."

Ta ɗora ta a teburin Clovis ta zuge. Kowa ya miƙo wuya, har mai soya kaji ya bar cokali a cikin mai. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Arlene, ki mayar da ni wurin likitan nan. Famfo nake gani."

"Famfo ne, Mama," in ji Arlene, muryarta can ƙasa.

Tsohuwa ta sa hannu biyu ta ɗago bindigar. Fentin bai gama bushewa ba, ya kama mata tafin hannu. Ta shafa inda wuta ta ci katako, ta daɗe yatsanta na wurin. Wendell ya matso da sauri.

"Ki ji yadda ta yi sauƙi, Mama. Ki ɗan girgiza ta ki ji."

Ta girgiza. Bututun famfo ya ɓalle, ya faɗi kan tebur, ya gangara, ya sauka a kan takalmin shugaban 'yan sanda.

Clovis ya sunkuya ya ɗauka. Ya leƙa ta cikinsa da ido ɗaya, ya hango Wendell ta ɗaya bakin. "Doyle, ara mini tef ɗinka."

"Kar ka wahalar da kanka, yallaɓai. Sha huɗu ne."

"Wa ya yanke ta?"

Wendell ya dubi sama. "Ai yallaɓai, tsohon ƙarfe in ya ji sanyi yakan tsuke."

"Inci takwas?"

"Bana an yi sanyi."

"Ba kai ka ce da hannunka ba, kai kaɗai?"

"Lasifikar nan tana ƙara wa magana gishiri."

Filin ya ɗauki ihu. Wani ya ɗaga kwalin Wendell sama yana zagayawa da shi, wata ta ce a kawo wa likita kujera kar ya suma. Clovis ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya kira Nadine ya ce ta kwance guntun bututun daga jikin bindigar a gabansa, zai tafi da shi a lalata. Cikin minti biyar ta gama, ta miƙa wa Mama Opal abin da ya saura, katako mai tabo da ɗan ƙarfen tsakiya.

"Za ta tashi, Mama," in ji Nadine. "Sati biyu. Fentin ma zai fita."

"Tabon fa?"

Nadine ta sunkuya tana tattara kayan aikinta.

Aka kira layin farko. Mama Opal ta ari bindigar Doyle, wadda rabonta da mai tun yana raba wasiƙu. Ta harba biyar, huɗu suka shiga tsakiya, ɗaya ya kauce da faɗin farce. Nadine ta harba biyar, biyar suka shiga. Aka miƙa wa Nadine talotalo tana ta ba da haƙuri kamar ta yi sata. Aka miƙa wa Mama Opal kyautar na biyu, buhun dankali, karo na farko cikin shekara goma sha biyu.

Tsohuwa ta yi wa Nadine barka, ta sumbace ta a kumatu. Sannan ta juyo a hankali, sabon tabarau na walƙiya, ta fara neman surukinta cikin taro. Jama'a suka dare mata hanya.

Wendell bai tsaya ba. Ya ruga wurin Clovis, wanda ke shirin shiga motarsa, ya haɗa hannu biyu ya miƙa masa.

"Yallaɓai, na amsa laifina. Ni na yanke. Sa mini ankwa."

"Na riga na karɓe bututun. Je ka gida."

"Doka ce fa! Shekara goma aka ce!"

"Na ce na yafe."

"To ko biyar! Yallaɓai, ko wata shida, kafin ta huce!"

Clovis ya leƙa ta saman kafaɗarsa. Mama Opal na tahowa, ba sauri ba gudu, Arlene na biye da ita tana naɗe hannun riga. Ya shige mota ya danna makulli, ya sauke gilashi kaɗan.

"Wendell, shekara talatin ina aikin nan, ban taɓa ƙwace wa tsohuwa abin da yake haƙƙinta ba."

Ya ja mota ya tafi, ya bar shi tsaye da hannu a miƙe. Mama Opal ta iso, ta dubi hannayen, ta ce da 'yan kwana-kwana biyun da ke ɗauke da buhun dankali, "Yauwa, ga shi har ya shirya. Ku ɗora masa."